Mutanen Kuman: coci ya cika, amma tsoron maita bai fita ba

Idan aka ce Papua New Guinea, da yawanmu sai mun duba taswira kafin mu gane inda take. Ƙasa ce da ke arewacin Ostareliya, wadda ta sami 'yancin kai a 1975, kuma tana da harsuna sama da 800. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kuman, wanda mutane sama da 100,000 ke magana da shi a lardin Simbu, can cikin tsaunuka. Kundiawa ce hedikwatar lardin, kuma a yankin ne dutsen Wilhelm yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar, mita 4,509.

Mutanen Kuman manoma ne. Dankali shi ne abincinsu na yau da kullum, kofi kuma shi ke kawo musu kuɗi. Amma idan kana son sanin arzikin mutum a can, to ƙirga aladunsa. Da alade ake biyan dukiyar aure, da shi ake biyan diyya idan an yi kisa ko an ji wa wani rauni, da shi ake sulhu bayan faɗa tsakanin dangi da dangi. A da, maza suna kwana a ɗaki guda na maza zalla, mata da yara kuwa a nasu ɗakunan. Dangi shi ne komai: ƙasar noma ta dangi ce, haka ma laifin mutum ɗaya kan hau kan danginsa duka.

Sai a 1933 ne Turawa suka fara shiga wannan yanki, masu neman zinariya da jami'an mulkin Ostareliya. 'Yan mishan ba su ɓata lokaci ba. Katolika suka kafa tasha a Mingende, 'yan Lutheran kuma a Ega kusa da Kundiawa. Farkon lamarin bai zo da sauƙi ba, don an kashe wani fada a ƙarshen 1934, aka sake kashe wani ɗan mishan a farkon 1935. Duk da haka addinin ya kafu, ya zo da makarantu da asibitoci. Yau mafi yawan mutanen Kuman Kiristoci ne, kuma an fassara musu Sabon Alkawari cikin harshensu.

To, ina matsalar take? Tana wurin abin da suke kira kumo. A ganinsu, kumo wata halitta ce da ke zaune a cikin jikin mutum, mai kamar ɓera ko jemage, tana fita da dare ta cinye kayan cikin wani har ya mutu. Duk wanda ya taso yana jin labarin maita da kama kurwa zai gane zancen nan take. Idan saurayi mai ƙarfi ya mutu kwatsam, ba a tsaya kan wace cuta ta kashe shi ba, sai a ce wa ya ci shi? Galibi tun a wurin makoki ake fara nuna yatsa. Su wa ake nunawa? Mafi yawa mata ne, musamman gwauraye da tsofaffi da waɗanda ba su da 'ya'ya maza da za su tsaya musu. Ana azabtar da su, a ƙone musu gida, wasu a kore su daga gari, wasu a kashe su. Masu aikata wannan kuwa sau da yawa mutanen da aka yi wa baftisma ne.

A 2013 gwamnatin ƙasar ta soke dokar sihiri ta 1971, wadda ta ba masu kisa damar kafa hujja da maita a kotu. Amma doka ba ta cire tsoro daga zuciya. Shi ya sa cocin Katolika na Kundiawa, musamman zamanin Bishop Anton Bal, ya bi wata hanya: a koya wa mutane ainihin abin da ke kawo cuta da mutuwa, a tura shugabannin coci gidan makoki da wuri kafin zargi ya kunno kai, a sa dangin mamaci su fito su ce ba sa zargin kowa, a kuma haɗa kai da 'yan sanda.

Daga nan za a gane buƙatun da suka fi damun masu bi a can. Suna buƙatar koyarwa cikin harshen Kuman da za ta yi magana kai tsaye kan mutuwa da tsoro. Suna buƙatar shugabanni 'yan gida masu ƙarfin halin tsayawa tsakanin taron fusatattu da matar da ake zargi, da wurin fakewa ga waɗanda aka kora, da asibiti kusa wanda zai faɗa wa dangi cewa taifod ne ko tarin fuka ya kashe ɗansu. Inda likita bai faɗi dalilin mutuwa ba, jita-jita ce ke faɗa, kuma wadda ba ta da gata ita ke ɗaukar laifin.