Bindigar iska: maganin gafiya ko janyo magana?

A Maraɗi da Damagaram, ɓera da gafiya kan yi wa ƴan kasuwa ɓarna mai yawa cikin mangazar gero da wake. Shi ya sa wasu magidanta ke sha'awar bindigar iska, wadda ba ta aiki da albarushi: matsattsiyar iska ce ke tura ƙwayar darma mai kaurin milimita 4,5 ko 5,5. Ƙararta kaɗan ce, amma tana tsiyaye ido, wani lokaci har ta yi kisa.

Ƙasashen da suka daɗe da saninta ba su bar ta sakaka ba. A Faransa, baligi na iya sayen mai ƙaramin ƙarfi, ƙasa da jul 20, ba tare da izini ba, amma wata doka ta 1986 ta hana farauta da ita. A Ingila an yarda mutum ya harbi ɓera cikin gidansa, sai dai in ƙwayar ta tsallaka gidan maƙwabci ba da yardarsa ba, laifi ne.

A Nijar, dokar 29 ga Afrilu 1998 ce ta tsara izinin farauta da kare namun daji. Wanda ya bar ɓera ya koma harbin tsuntsaye, ya shiga hurumin ma'aikatan gandun daji.

Unguwanninmu kuwa gida jikin gida ne. Wani wurin zana ce kawai tsakani, yara na wasa bayanta. Saboda haka, kafin saye a tuntuɓi komisariya ko jandarmomi. Tarko, kyanwa da toshe ramuka da siminti sun fi diyyar idon ɗan maƙwabci arha.