Yadda Ake Adana Hanyoyin Sauti A Cikin Kwamfuta

A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, mai haɗa sauti da hannunsa yake aiki. Allo ne mai ramuka a gabansa, yana cusa waya daga ramin makirufo zuwa ramin na'urar ɗaukar magana. Ko an ɗauke wuta, wayoyin suna nan inda ya bar su.

A yau ana iya mayar da wannan allo cikin kwamfuta. A tsarin Linux akwai manhaja mai suna JACK, wadda Paul Davis ya jagoranci rubutawa a farkon shekarun 2000. Kowace na'ura da kowace manhajar sauti tana da ƙofofin shiga da na fita, aikin JACK shi ne sada su. Sai dai waɗannan wayoyi ba na ƙarfe ba ne. A ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta suke zaune, wadda ke gogewa da zarar wuta ta yanke.

Mu ƙaddara wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a Rigasa. Malami ya zauna zai yi karatu, an haɗa makirufo uku, sai wuta ta ɗauke. Kafin a ta da janareta duk haɗin ya ɓace. Ɓata lokaci ƙaramar asara ce. Babbar ita ce a manta da waya guda, a gama karatu a tarar ba a ɗauki komai ba.

Maganin yana cikin umarnin da ake rubutawa da hannu. Idan aka rubuta

jack_lsp -c

kwamfuta za ta jero ƙofofi duka da abin da kowace ke haɗe da shi. Umarnin

jack_connect system:capture_1 system:playback_1

kuwa yana kai makirufo na farko ga lasifika. A rage ƙarar lasifika kafin a gwada, in ba haka ba za ta yi kuwwa mai huda kunne.

Wata ƙaramar manhaja, aj-snapshot, ita ke adana haɗin gaba ɗaya:

aj-snapshot karatu.xml

Bayan wuta ta dawo sai a rubuta

aj-snapshot -r karatu.xml

komai ya koma mazauninsa. In an ƙara -x, za ta fara tsinke haɗin da ta tarar tukuna.

To, a nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Fayil ɗin bai ƙunshi sauti ba, sunayen ƙofofi kawai ya riƙe. Idan ba a buɗe manhajar ɗauka ba, ƙofarta ba ta wanzu ba, don haka babu abin da za a haɗa. Haka nan idan sunan ƙofa ya sauya. Saboda haka a fara jona na'ura, a ta da JACK, a buɗe manhajoji, sa'an nan a maido da haɗin.

Tun daga 2021, lokacin da Fedora ta rungumi PipeWire, yawancin manyan nau'o'in Linux sun koma gare ta. A can, pw-link -l ne ke nuna haɗin da ke akwai.