Me Ya Sa Lasifikokin Baya Suka Yi Shiru?

Da na je gida hutun zangon da ya wuce, na tarar babana ya sayo na'urar sauti mai lasifika shida, wadda 'yan kasuwa ke kira hom-tiyata. Ya haɗa ta da talabijin, amma biyun baya ko tari ba sa yi. Ransa ya ɓaci, ya ce jabu aka sayar masa, gobe zai mayar wa mai shago. Na roƙe shi ya ba ni yini guda. Abin da na gano shi nake son bayyana wa mai karatu.

Tsarin da ake kira 5.1 yana nufin hanyoyin sauti shida: hagu da dama a gaba, ta tsakiya mai ɗauke da maganar 'yan wasa, biyu a baya, sai babbar mai gurnani. Yawancin na'urorin suna da maɓallin gwaji da ke sa kowace lasifika ta yi ƙara bi da bi. Da shi na fara, kuma duk suka amsa. Ke nan na'ura lafiyarta ƙalau, laifin yana kan hanyar da sauti ke bi daga talabijin.

Baba ya yi amfani ne da wayar nan mai kai ja da fari. Hanya biyu kacal take ɗauka, hagu da dama, komai tsadarta. Ga wayoyi biyu da ke iya ɗaukar shidan. Akwai ta oftikal, mai aika sauti da haske. A cire murfin robar da ke bakinta kafin a soka. Akwai kuma HDMI, amma sai a kafar da aka rubuta ARC a jikinta, a talabijin da kuma na'urar. Wannan fasaha ta zo da HDMI 1.4 a 2009, kuma yawanci kafa ɗaya ce ke da ita. Sau da yawa ba ta aiki sai an kunna CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync.

Na canza waya zuwa HDMI, har na fara cika baki, amma baya shiru. Nan na ɓata awa biyu ina cirewa ina mayarwa. Ashe a saitin sautin talabijin an zaɓi PCM, wanda ta ARC ko oftikal hanya biyu kawai yake turawa. Dole a mayar da shi Dolby Digital, ko Bitstream, ko Auto, gwargwadon abin da talabijin ɗin ya rubuta. Mai dikoda ya duba irin wannan saiti a cikinta ma. A ganina, mai shago ya kamata ya faɗa wa mai saye wannan tun a kanti.

Ko bayan haka Baba bai gamsu ba, domin labarai ya kunna, su kuwa yawanci a hanya biyu ake watsa su. Na sa masa fim mai 5.1. Da aka zo wurin da ruwa ke sauka, sai ya waiwaya wajen taga, ya ce wa ƙanwata ta yi maza ta kwashe shanya.