Tsararriyar Bitar Ayyukan Magabata: Daga Ina Ake Farawa?

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana wata hanyar bitar ayyukan magabata da ta sha bamban da wadda muka saba gani a kundayen neman digiri. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya jero littattafan da hannunsa ya kai gare su, wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, sannan ya ce nasa aikin ya bambanta. Wannan jeri ne kawai.

A fagen likitanci tsararriyar bita ta fara ƙarfi. A shekarar 1972 wani gwaji da aka yi a ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa wata allura da ake yi wa mai ciki kafin ta haifi bakwaini tana taimaka wa huhun jaririn. Ƙananan gwaje-gwaje sun biyo baya, amma likitoci da yawa ba su gamsu ba. Sai wajen 1990, da aka tattara sakamakon wuri ɗaya aka auna, amfanin allurar ya fito fili. A tsakanin nan an yi asarar jarirai. A 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane a Ingila domin irin wannan aiki.

To, ɗalibin Hausa fa? Da tambaya zai fara, kuma ƙuntatacciya. "Aikatau a Hausa" ya yi faɗi. Gara ya tambayi yadda masana suka bayyana aji na biyu, wato irin su saya, sayi, saye, tun daga 1960 da Parsons ya kasa aikatau azuzuwa bakwai.

Daga nan sai ya rubuta ƙa'idojinsa tun kafin ya buɗe littafi: shekarun da zai duba, inda zai nema, da irin aikin da zai ajiye gefe, da dalili. A ganina nan ne ƙashin bayan aikin, domin shi ke hana mutum zaɓen abin da ya yi masa daɗi. Mabiyin Parsons ba shi da damar tsallake sukar da Newman ya yi wa tsarin a 1973.

Neman kansa shi ne wahala. Jerin ayyukan Hausa da Baldi ya buga a 1977 mafari ne, amma kundaye da dama suna ajiye a Kano da Zariya da Sakkwato ba a buga su ba, wasu maƙalu kuma da Jamusanci ko Faransanci suke. Wanda bai iya karanta su ba, wajibi ne ya faɗa a fili. Ya kuma rubuta adadin ayyukan da ya samo da waɗanda ya zubar, sannan wani abokin karatu ya sake tacewa shi kaɗai, su kwatanta.