Yaron da ke zuba Turancin katun: aljani ne ko galahanga?

Wani saƙo na yawo a WhatsApp daga Samaru Kataf zuwa Zonkwa da Kafanchan, wai duk yaron da ba ya amsa sunansa amma yake zuba Turancin katun, aljani ne ke magana da bakinsa. Marubucin bai sa sunansa ba, bai ambaci likita ko ɗaya ba, sai dai "a tura wa kowa".

Saƙon ya kuma ce allurar rigakafi ke jawo galahanga, wato larurar autism. Ƙarya ne: mujallar Lancet ta janye binciken 1998 da ake kafa hujja da shi tun 2010. Saƙon ya ce kallon waya ne sanadi, alhali Dokta Leo Kanner ya bayyana larurar a Amurka tun 1943, kafin zuwan wayar hannu. Gaskiya ɗaya da ke ciki ita ce yawan kallo na cinye lokacin hira, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana yana kallo.

Batun aljanin ne mai ɓarna. Yara masu galahanga da yawa sukan haddace jimla sukutum, har da karin muryar mai faɗinta, su adana, su fito da ita daga baya. Katun na shiga kansu ne domin kullum magana ɗaya ce da murya ɗaya. Binciken masani Barry Prizant a 1981 da 1984 ya nuna sau da yawa maimaicin na ɗauke da manufa: roƙo, ƙin yarda ko neman a kula shi. Yaron da ya faɗi abin da ɗan katun ke cewa gaban abinci, wataƙila yunwa yake ji. Wasu daga nan suke fara haɗa nasu kalaman, wasu kuma sai da taimakon masana.

Uwar da ta yarda da saƙon ba abin zargi ba ce, neman sauƙi take. Amma duka, ɗauri da hana abinci da sunan fitar da iska ba sa buɗe baki, tsoro suke ƙarawa.

Iyaye, ku ci gaba da addu'a, amma ku kai yaron babban asibitin Kafanchan a fara duba jinsa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Ku zauna ku yi kallon tare, ku amsa masa da Tyap, Jju ko Hausa. Saƙon kuwa, kada ku tura wa kowa.