Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Baƙo Zai Zo Gadarif, Ya Kuma Zaga Cikinta

Garin Gadarif, hedkwatar jihar Gadarif a gabashin Sudan, gari ne wanda bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Tun yana 'yar kasuwa ana ce masa Suk Abu Sin, da sunan gidan sarautar ƙabilar Shukuriyya, fatake ke sauke kaya a cikinsa daga Habasha da Kasala da Sinnar. Mu kanmu kakanninmu da baƙunci suka zo. Wasu niyyar aikin hajji ce ta fito da su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, suna tafe suna noma suna tara guzuri. Wasu kuma sun biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a har bakin Shuɗin Kogin Nilu. Daga baya 'ya'ya da jikoki suka bazu a bakin kogin Rahad da Atbara da Sitit, da kuma cikin wannan gari.

To, ganin yadda hanyoyi suka sauya tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, da kuma yadda 'yan'uwa ke yawan tambayarmu ta ina za su biyo, muka ga ya kyautu a wannan wata mu tattara abin da ya kamata baƙo ya sani. Gundarin maganar dai ɗaya ce: Gadarif ba garin da ake shiga da taswira a hannu ba ne. Abu uku ke kai mutum inda ya nufa lafiya, wato sanin lokaci, da cikar takarda, da mai masauki.

Hanyoyin shigowa

Babbar hanya ita ce kwaltar da ta taso daga Hartum ta bi ta Madani, tafiyar kilomita 410 ko ɗoriya kaɗan. Kashin da ke tsakanin Madani da Gadarif, mai tsawon kimanin kilomita 230, mutanen Sin ne suka gina shi a shekarun 1970 tare da gadar Hantub. Matafiyi zai wuce duwatsun Fau, inda aikin noman rani na Rahad yake, sa'an nan ya ratsa filayen Gadambaliya, wurin da aka soma noma da tarakta a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1940. Wannan hanya ta toshe a watan Disamba na 2023 sa'ad da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, har zuwa Janairun 2025 da soja suka karɓe garin. Motoci sun koma bin ta, amma wanda ya san ta kafin yaƙi kada ya yi lissafin awoyi irin na da, domin kwalta ta ci wuya, shingayen bincike kuma sun ƙaru.

Hanya ta biyu ita ce ta arewa maso gabas, daga Bur Sudan. Tun da aka rufe filin jirgin saman Hartum a 2023, filin Bur Sudan ne ya zama babbar ƙofar ƙasa, masu zuwa daga Nijeriya da Nijar kuwa sukan sauya jirgi a Alƙahira ko Jidda ko Adis Ababa. Daga bakin teku zuwa nan tafiyar kusan kilomita 800 ce. Bas zai bi ta Sawakin, tsohuwar tashar alhazai, ya hau tsaunuka zuwa Sinkat, ya wuce Hayya, ya sauka Kasala gindin dutsen Taka. Daga Kasala saura kilomita 220, ta Hashmul Girba mai madatsar ruwa da kuma Shuwak. Shawararmu ita ce a sayi tikiti tun jajibiri, a shiga motar asuba, wanda kuma yake tare da tsofaffi ko yara ya kwana Kasala ya huta.

Ta uku ita ce hanyar Habasha, ta kan iyakar Galabat da Matama, kilomita 160 ko ƙasa kaɗan daga nan, ta garin Doka. Galabat ba baƙon wuri ba ne gare mu, don kuwa tun kafin zuwan Turawa mutanen yamma da ake kira Takari ne suka raya shi. Sai dai ƙofa ce mai buɗewa da rufewa. A watan Satumba na 2024, alal misali, an rufe ta saboda faɗan da ake yi a yankin Amhara. Kada kowa ya kamo wannan hanya sai ya buga waya ya tabbatar a ranar da zai taso.

Akwai kuma hanyar kudu maso yamma, daga Sinja da Dindir ta Hawata, wadda dubban mutane suka biyo a cikin ruwa da taɓo a daminar 2024. Da rani tana biyuwa, da damina kuwa sai dole. Jirgin ƙasa da ya iso garin a 1928 ya ƙarasa Sinnar a 1929 ya daɗe da daina ɗaukar fasinja, tashar ce kawai ta rage ana kwatance da ita. Tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, daga Maiduguri zuwa Njamena da Abeshe da Junaina da Fashir da Ubayyid, yanzu ta ratsa tsakiyar fagen yaƙi. Muna roƙon 'yan'uwa da babbar murya kada wani ya ruɗe su da sauƙin kuɗin mota su bi ta nan.

Lokaci shi ne rabin tafiya

Kowa ya san ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai danƙo. Ita ce arzikinmu, ita ce kuma ke ɗaure mu. Da zarar ruwa ya zauna, daga Yuni zuwa Oktoba, duk hanyar da ba kwalta ba takan zama tarko, har takalmi ma laka kan cire wa mutum shi a ƙafa. Baƙon da ya zo gaida dangi a ƙauyukan Rahad ko na bakin Atbara a watan Agusta zai iya shafe kwanaki yana jiran tarakta ko babbar mota. A cikin gari kuma kwarin Abu Farga, wanda ya ratsa unguwanni, yakan kwana a bushe ya wayi gari a cike, ko da ba a ga ɗigon ruwa a nan ba, domin ruwan tuddai ne yake kwasowa. Kada a tsallaka shi a ƙafa in yana gudu, a nemi gada.

Daga Oktoba zuwa Janairu kuwa garin kan cika ya batse. Dalili shi ne riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna dole a yanke shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba kwanson ya fashe ƙwayar ta zube ƙasa. Saboda haka leburorin kaka, waɗanda ake kira jangu, sukan kwararo daga ko'ina har da Habasha, motoci su yi wuya, ɗakunan lokanda su ƙare. Bayan riɗi sai dawa. Ɗan kasuwa wannan ne lokacinsa. Wanda zumunci ya kawo shi, ya fi masa daɗi ya zo daga Disamba zuwa Fabrairu, hanya ta bushe, iska da sanyi-sanyi. Maris zuwa Mayu zafi ne da ƙarancin ruwa.

Takarda da kuɗi

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi. Gadarif ba ta faɗa hannun kowa ba a wannan yaƙi, shi ya sa ta zama mafaka. A ƙarshen 2024 ƙididdigar hukumar ƙaura ta duniya ta nuna masu gudun hijira a jihar sun kai kimanin miliyan guda, ban da 'yan Tigrai da suka shigo tun Nuwamban 2020 aka zaunar da su a sansanin Um Rakuba da na Tunaidba. Garin da ya cika haka a lokacin yaƙi, dole jami'an tsaro su sa ido a kan duk fuskar da ba su sani ba. Bahaushe ɗan ƙasa ya riƙe lambarsa ta ɗan ƙasa, wato rakam watani, a jikinsa kullum, kada ya ce ai garin kakansa ne. Wanda ya zo da fasfo ya tabbatar bizarsa na da rai, ya kuma yi rajista a ofishin baƙi cikin kwana uku da shigowarsa ƙasar. Kada a ɗauki hoton gada ko bariki ko ma'aikatar gwamnati. Tun 2023 an sha sa dokar hana fita da dare ana sassautawa, don haka tambayar farko ga mai masauki ita ce ƙarfe nawa ake shiga gida.

Game da kuɗi, a Disamban 2024 an sauya takardun fam 500 da 1,000, saboda haka wanda ya ajiye tsofaffi tun zuwansa na baya kada ya dogara da su. Ciniki da yawa yanzu ta waya ake yi, da manhajar Bankak ta Bankin Hartum, amma mai raksha da mai shayi sun fi son tsaba. A nemi layin Zain ko Sudani ko MTN, kuma a rubuta lambar mai masauki a takarda, don waya kan mutu. Agogon Sudan yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya.

Zagaya gari

A manyan biranen duniya baƙo kan yi yawo ba tare da ya buɗe baki ba. A Seoul ta Koriya ta Kudu, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki a 1974, kati guda mai suna T-money ya isa mutum ya shiga jirgi da bas, kowace tasha kuma da lambarta. Mu a nan abin da muka samu daga Koriya motocin ne: ƙananan motocin haya da ake kira amjad yawancinsu ƙirar can ne, irin su Daewoo Damas. Sauran aikin kuwa baki ne ke yin sa, matambayi kuma ba ya ɓata.

Abin hawa mafi yawa shi ne raksha, wato keke mai ƙafa uku. Ba ta da mita, a yi ciniki kafin a hau. Amjad ta fi dacewa da mai iyali ko mai jakunkuna. Ƙananan bas-bas suna tashi daga babbar kasuwa zuwa unguwanni, kuɗinsu ƙayyadadde ne, yaron mota kumsari ake ce masa, in mutum zai sauka sai ya ɗasa yatsu ya ji. Kaya masu nauyi kuwa aikin karo ne, wato amalanken jaki ko doki.

Ba a kwatance da sunan titi. Ana faɗin unguwa, sa'an nan masallaci ko makaranta ko kanti. Sunayen da baƙo zai riƙa ji sun haɗa da Daim Nur, da Daim Bakur, da Daim Hamad, da Salamatul Bai, da Sufil Azrak, da Ruwina, da kasuwar Kuda. In an ɓata a ɗaga kai a nemi sauma'a, babban rumbun hatsi da aka gina da taimakon Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960, mai cin tan 100,000, ana hango shi daga nesa. Wanda bai leƙa kasuwar amfanin gona ba bai ga Gadarif ba. A nan ake gwanjon riɗi da dawa da ƙaro, ana auna riɗi da kintari, kimanin kilo 45, dawa kuma da ardab, wato buhu biyu. Farashin da aka yanke a wannan fili shi 'yan kasuwar Bur Sudan ke saurare kafin su cika jiragen ruwa.

Ruwa, abinci da lafiya

Garin da ke ciyar da ƙasa yana fama da ƙishirwa. Yawancin ruwan famfo daga Shuwak ake turo shi, daga kogin Atbara, kuma ba ya isa. Ko da aka buɗe madatsar Atbara ta Sama da Sitit a 2017, aikin jawo ruwan zuwa gari ya yi ta jan ƙafa. Gidaje da yawa saye suke yi daga masu karo. Baƙon kirki in an ba shi bokiti guda na wanka, ya san kuɗi aka ba shi. Ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa magani, domin an yi annobar kwalara a 2023 da 2024, ga zazzaɓin cizon sauro da na dengi bayan damina. Mai zuwa ƙauye ya tafi da gidan sauro mai ƙananan ƙofofi, kada kuma ya kwanta gindin aduwa ko talha da yamma, saboda ɗan ƙwaron da ke kawo kala'azar. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu bayan an dawo daga ƙauye, a gaya wa likita inda aka je.

Abinci kam ba zai ba Bahaushe wahala ba. Da safe akwai ful da burodi, da rana kisra da asida, 'yar'uwar tuwo. Da yamma ga agashe, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida daga inda ya fito, ga godo-godo, ga kofin jabana wajen masu shayi, ga zigni mai yaji na maƙwabtanmu Habashawa.

Kira ga 'yan gari

A ƙarshe muna tunatar da kanmu cewa rabin wannan aiki namu ne. Wanda ya san baƙonsa na tafe, ya je tasha ya tarye shi ko ya aika yaro, ya raka shi ofishin baƙi, ya gabatar da shi ga mai unguwa da limami tun ranar farko, domin in an tare shi a hanya a sami mai cewa na san shi. Shugabannin unguwanni da ƙungiyoyin matasa za su iya ajiye lambar waya guda a tashar mota saboda wanda ya sauka da dare bai san kowa ba. Haka wasu suka yi wa kakanninmu sa'ad da suka iso da sanda da ƙwarya. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu.