NEMAN ASALIN WANDA AKA BARI TUN YANA YARO

A cikin yunwar 1914, wadda ake kira Ƙaƙalaba, talakawa suka yi ta barin garuruwansu suna kwararowa kudu, har waɗansu suka bar 'ya'yansu hannun baƙin ido. Mutumin Fakku ko Kebbe da ya ji an ce haka mahaifinsa ko kakansa ya tashi, muna ba shi shawara ya fara bincike daga zanen fuskar marigayin, gama aska ta bambanta Bagobiri da Bakabe da Bazamfare. Takardun zamanin En'e da aka adana a Kaduna sukan ambaci gari da hakiminsa, ba safai sukan ambaci yaron talaka ba. Saboda haka a gaggauta tambayar tsofaffi, domin kowace shekara raguwa suke yi.